Masu Cewa "A Bar Shi Ya Ruɓe" Sun Manta da Ƙofar Baya

Duk ranar da Babbar Kotun Jiha da ke zama a Birnin Kudu ta yanke wa wani ɗaurin rai-da-rai, kafin magariba majalisun gari sun gama yanke nasu hukuncin. Daga teburin mai shayi a bakin tasha har rumfunan kasuwar Gwaram maganar ɗaya ce: a bar shi ya ruɓe. Wanda ya kawo zancen sakin fursuna bisa sharaɗi kuwa, ɗan boko ne da bai san zafin jini ba.

Zafin gaskiya ne, lissafin ne ya karkace. Masu wannan ra'ayi sun ɗauka cewa muddin aka ƙi tsarin saki bisa sharaɗi, mai laifi ba zai fito ba. Yana fitowa. Sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba gwamna ikon yin afuwa bayan ya tuntuɓi majalisar ba da shawara, sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa irin wannan iko. Babu inda aka wajabta musu sauraron iyalan wanda aka kashe. Jerin sunaye ne ke fita ranar Sallah ko ranar bikin 'yancin kai, matar mamaci ta je niƙa ta ji a bakin mata cewa an ga wane ya sauka a mota da 'yar jakarsa.

Najeriya ta ga yadda wannan ƙofa ke aiki a Oktoban 2025, lokacin da sunan Maryam Sanda ya bayyana cikin mutum 175 da Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci. A Janairun 2020 kotu a Abuja ta yanke mata hukuncin rataya kan kisan mijinta Bilyaminu Bello. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi kafin fadar shugaban ƙasa ta ja da baya, ta mayar da afuwar zuwa ɗaurin shekara 12. Wanda aka kashe a wani ƙauyen Gwaram ba shi da jaridar da za ta yi masa wannan ihun.

Masu kiran a rataye ma ba su fi samun biyan buƙata ba. Rabon da a aiwatar da hukuncin kisa a Najeriya tun Disambar 2016 a jihar Edo. Tun da jihohin Arewa suka dawo da shari'ar Musulunci a 2000, mutum ɗaya aka sani an zartar wa hukuncin kisa a ƙarƙashinta, Sani Yakubu Rodi na Katsina, a Janairun 2002. Sama da mutum dubu uku ke zaman jiran hauni, gwamnoni sun ƙi sa hannu. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai idan an shekara goma da ƙare ɗaukaka ƙara ba a zartar ba. Daga nan sai jiran ranar da wani zai saka suna a jerin afuwa.

A gwada wannan da abin da ake ƙyama. Sashe na 468 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kafa nasu irinta, ya ce shugaban gidajen gyaran hali ya kai rahoton halin fursunan gaban kotu, kotu ta saurari mai gabatar da ƙara, sannan ta ga ko za ta dakatar da sauran wa'adin, ta kuma gindaya sharuɗɗa. Akwai alƙali, akwai takarda, akwai mai cewa ban yarda ba. A Ingila, wanda aka yi wa ɗaurin rai-da-rai ko ya fito yana kan talala har ya mutu, ranar da ya karya sharaɗi ana iya mayar da shi. Wanda gwamna ya yafe wa baki ɗaya kuwa ba mai igiyarsa.

Cewa wannan tunanin Turawa ne ya fi komai ban mamaki a garuruwan da yara ke tashi da karatun Risala. Fiƙihun Malikiyya ya sa maganar ƙisasi a hannun magadan mamaci: su nemi jini, su karɓi diyya, ko su yafe. Ko sun yafe, hukuma ba ta sallami mai kisa haka nan ba, akwai bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuma babu yafiya a cikinsa. Malamai sun daɗe da bambance wanda ya ɗaga sanda a rikicin iyakar gona da wanda ya yaudari yarinya ya kashe, kamar yadda aka yi wa Hanifa Abubakar 'yar shekara biyar a Kano. Mai cewa duk a ruɓe ya haɗa su a ɗaki ɗaya, mai afuwar siyasa kuma yana iya fitar da na biyun ya bar na farkon, gwargwadon wanda ke da uwa a gindin murhu.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa ita ce rashin masu sa ido. Jami'an da za su bi sawun wanda aka saki ba su da yawa, hukumar da aka fasa mata gidan yarin Kuje a Yulin 2022 kuma ba ta da bakin cika alkawari. Amma a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram baƙo ba ya kwana uku mai unguwa bai sani ba. Dagaci da hakimi da limami sun fi kowane ofishi a Abuja sanin wanda ya tuba da wanda ke wasa wuƙa. Abin da ya rage shi ne doka ta ɗora musu nauyin a rubuce, tare da masu tsaya wa fursunan.

Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023, jihohi na da ikon yin doka kan gidajen gyaran hali. Majalisar dokoki a Dutse na iya rubuta cewa ba za a saki wanda ya zubar da jini bisa sharaɗi ba sai ya cika mafi ƙarancin wa'adin da alƙali ya ƙayyade, an aika wa magada sammaci sun faɗi ta bakinsu, an kuma bayyana dalilin sakin a fili. Tana iya cire kisan gilla da fyaɗen ƙananan yara daga tsarin gaba ɗaya. Wakilan Birnin Kudu da Gwaram a zauren su ya kamata a tambaya wa zai gabatar da ƙudurin, kafin jerin afuwa na gaba ya fito.