Jirgin alminiyam kaɗai ba zai hana mutuwa a tafkin Volta ba

Ɗalibaina a Buokrom, da yawansu uwayensu na zuwa Yeji sarin kifi, wasu har su haye Makango. Shi ya sa hatsarin kusa da Kete Krachi na Oktoban 2025, wanda ya ci rai 15, ya tsaya min a rai.

Wasu na cewa a daina kwalekwalen katako, a koma alminiyam. Suna da hujja. Ba ya ruɓewa, ba nauyi, inji ba ya shan mai sosai, in an cusa soso ƙarƙashin kujeru ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa. Ga VALCO a Tema.

Amma fa kututturan da ruwa ya shanye tun gina Akosombo a 1965 suna nan. In jirgi ya tsage, katako kafinta zai toshe, alminiyam kuwa sai mai waldar argon. A Suame Magazine akwai su, a bakin tafki fa? Rashin nauyin ma na sa iska ta yi wasa da shi.

A ganina a fara da horar da masu walda, hana lodi fiye da kima, da rigar ceto ga kowane fasinja. Allah ya kiyaye.