Masoya Fina-finan Zombi: Addini Suka Kafa Ko Sha'awa Ce Ta Yi Yawa?

Masoyin fim ɗin zombi ba a yi masa musu. Ka ce masa gawa tana iya gudu, ko ka ce ba ta iyawa, yanzun nan za ka ga jijiyar wuya ta tashi. Shi ya sa wasu ke yi musu shaguɓe, wai sun mayar da abin addini. Ni ban ɗauki maganar a matsayin wasa zalla ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Mu fara da asali. Kalmar zombi daga ƙasar Haiti ta bazu a duniya, kuma daga cikin imanin mutane ta fito. Jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka don noman rake suna tsoron matsafi ya tono gawar mutum ya mayar da ita baiwa, wato ko mutuwa ba za ta raba mutum da bauta ba. A kan wannan aka gina fim ɗin White Zombie a 1932. Sai a 1968 George Romero ya fito da Night of the Living Dead, ya cire matsafin, ya bar gawarwaki suna yawo suna cin naman rayayyu. Wannan samfurin ne muke turawa juna a waya yau.

Kamannin kuwa ga su nan. Suna da wuraren ziyara: maƙabartar Evans City a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda aka ɗauki farkon fim ɗin Romero, har karo-karo masoya suka yi suka gyara ɗan ɗakin addu'ar da ke cikinta. Suna da ranakun taro, inda jama'a ke shafe jiki da jinin ƙarya su yi tattaki a titi suna jan ƙafa. Suna da littafin dokoki, irin The Zombie Survival Guide na Max Brooks da ya fito a 2003. Suna da saɓani: tun da 28 Days Later ya zo a 2002 da masu gudu kamar an koro su, 'yan gargajiya suka ce wannan bidi'a ce, zombi na ainihi a hankali yake tafiya. Ga kuma juriya. The Walking Dead ya fara a 2010 ya ƙare a 2022, zango 11, kuma akwai waɗanda ko kashi ɗaya bai wuce su ba.

To amma kama da wane ba ta wane. Abu na farko, babu masoyin da ya yi imani da abin. Ya san kwalliya ce da dabarar kwamfuta, don haka yake iya cin indomi yana kallo. Na biyu, a Musulunci da Kiristanci tashin matattu yana tafe da hisabi, kowa ya ga abin da ya shuka. A fim ɗin zombi gawa takan tashi ba a tambaye ta komai, azzalumi da mutumin kirki duk yunwa ɗaya ke jan su. Na uku, wanda a ganina shi ne ma'auni, addini yana ɗora maka haƙƙin wani: ka ciyar, ka duba mara lafiya, ka raka gawa. Shi kuwa wannan, data da barcinka kawai yake nema.

Abin da ke damuna shi ne darasin da wasunmu ke kwasa daga ciki. Ka saurari hirar masoya a ɗakin kwanan ɗalibai, rabinta a kan makami ce da wurin ɓuya, da wanda za a fara yarwa idan gudu ya kama. Wato kowa tasa ta fisshe shi. Alhali fina-finan da suka amsa sunansu akasin haka suke faɗa. A fim ɗin 1968, Ben, baƙar fata, ya kwana yana kare kansa daga matattu, da gari ya waye rayayyu ne suka harbe shi. A Dawn of the Dead na 1978, Romero ya cika katafaren kantin sayayya da gawarwaki suna zagaye, yana yi wa masu kwaɗayin kaya habaici. A Train to Busan na Koriya ta Kudu, 2016, wanda ya fi ba ka haushi mutum ne mai rai, babban ma'aikacin kamfani da ya sa aka rufe wa 'yan'uwansa fasinjoji ƙofa. Mun kuma ga irin wannan hali ba a fim ba lokacin kullen korona a 2020, da wasu suka ɓoye kayan abinci suna jiran farashi ya hau.

Don haka ba na goyon bayan mai cewa a daina kallo, ba na kuma goyon bayan mai kiran abin addini. Sha'awa ce da ta ari rigar ibada, amma a ƙarƙashinta akwai tambaya mai nauyi: ranar da abubuwa suka lalace, wa za ka buɗe wa ƙofa? Ba sai gawa ta tashi za a yi mana wannan jarrabawar ba. Ana yin ta duk ƙarshen wata, lokacin da garin abokin ɗakinka ya ƙare, ko zazzaɓi ya kwantar da wani ana saura kwana biyu a shiga jarrabawa yana neman mai ara masa littafi.

Sannan ɗan'uwa, a riƙa duba agogo. Wanda ya kwana kallo ya shigo laccar ƙarfe 8 da jajayen idanu, yana jan ƙafa, malami na magana ba ya fahimta, ba ya buƙatar kwalliya kafin a ɗauke shi fim. Allah ya ba mu sa'a.