Allurar Anti-D: Wankin da Ake Yi Mata Kafin Ta Iso Gare Ki



Idan rukunin jininki nagetif ne, jaririnki kuma fozitif, likita zai ce a yi miki allurar Anti-D cikin awa 72 da haihuwa. Aikinta shi ne hana jikinki yaƙar jinin cikin da za ki ɗauka nan gaba. Sai dai wasu mata kan ja da baya da zarar sun ji cewa daga ruwan jinin wasu mutane ake haɗa ta.

Tsoron yana da tushe. A ƙasar Ayalan, allurar da aka haɗa a 1977 ta sa wa ɗaruruwan mata ciwon hanta nau'in C, ba a kuma gano ba sai a 1994. Amma yau aikin ya canza.

A shekarun 1980, Bernard Horowitz da abokan aikinsa a cibiyar jini ta birnin Niyok suka fito da dabarar wanke irin waɗannan magunguna da sinadari ɗan'uwan sabulu. Ƙwayoyin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C suna lulluɓe ne da rigar maiƙo. Kin san yadda omo ke yi wa tukunyar miya? Haka sinadarin ke narkar da wannan riga, kuma ƙwayar da ta rasa rigarta ba ta iya shiga jikin mutum ta hayayyafa. Maganin kansa ba maiƙo ba ne, don haka yana nan da ƙarfinsa. Bayan 'yan awoyi sai a tsame sinadarin.

Akwai ƙwayoyin da ba su da rigar, kamar na ciwon hanta nau'in A, wankin ba ya taɓa su. Shi ya sa ake gwada jinin masu bayarwa tun farko, sannan a bi da maganin ta matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai.

Duk wannan kariya tana aiki ne a kan allura ta gaskiya. Ki karɓe ta a asibiti ko amintaccen kantin magani, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma tabbatar a firij aka ajiye ta. Idan ba ki san rukunin jininki ba, ki tambaya a awo na gaba, ko da ɓari kika taɓa yi.

Ina jiran tambayoyinku a ƙasa. Allah Ya raba lafiya.