Binciken Ilmi da Ladan Kuturu

Masu iya magana kan ce wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Wannan ita ce ƙayar da ke ƙafar manazarcin da gwamnati ke biya domin ya binciki harkar ilmi, watau tsoron kada sakamakonsa ya saɓa wa ra'ayin mai biya.

Batun harshen koyarwa ya isa misali. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin shekara shida a Jami'ar Ife, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci, aka kuma tarar sun fi waɗanda aka juya su zuwa Ingilishi fahimtar darasi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da harshen gida a ajujuwan farko. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa shi zuwa shekara shida na firamare. A Nuwamban 2025 kuwa Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya soke tsarin, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

To, yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022 ko firamare bai gama ba a lokacin. Ta ƙaƙa jarrabawar ƙarshen sakandare za ta zama shaida a kansa? Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988 don irin wannan nazari, tana ƙarƙashin ma'aikatar ilmi ne, kuma da wuya bara ya tuhumi ubangidansa.

Mai ɗaukar asarar shi ne yaron ƙauyen Roni ko Gwiwa, wanda ya taso da Hausa ko Fulatanci, ba ya jin Ingilishi sai a bakin malami.

Saboda haka ya kamata a ware kuɗin binciken ilmi, irin wanda TETFund ke bayarwa, na shekaru masu yawa, yadda canjin minista ba zai taɓa shi ba. Masana su zaɓi masu aikin, a kuma wajabta buga sakamako ko da bai yi wa hukuma daɗi ba. Malaman Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure da na jami'ar fasaha ta Ɓaɓura, tare da sassan Hausa na jami'o'i, suna iya bin yaran yankin tun daga aji ɗaya har shida. Gwamnati ce mai yanke hukunci, amma ta bari shaida ya gama magana tukuna.