Kafin a Ce Shirin Ya Gaza, a Leƙa Burkusuma

Wani marubuci ya yanke hukunci a jarida cewa shirye-shiryen tallafa wa yaran da karatu ke ba wuya sun gaza a Sakkwato, don haka a daina zuba musu kuɗi. Ya yi gaggawa. Maganin da ba a tabbatar majinyaci ya sha ba, ta yaya za a ce bai yi aiki ba?

Shirin Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta tallafa wa a Sakkwato da Bauchi, an gina shi ne a kan sharuɗɗa: littafi a hannun ɗan aji 1 zuwa 3, jagorar darasi a hannun malami, sannan jami'i ya zauna a bayan aji ya ga yadda ake koyarwa, ya gyara. In ɗaya ya faɗi, abin da ya isa wurin yaro wani abu ne daban.

To, a Burkusuma, inda 'yan bindiga suka far wa sansanin sojoji a Satumbar 2021, wane jami'i ne zai riƙa hawa babur daga Sabon Birni don duba darasi? Haka ƙauyukan ƙaramar hukumar Isa.

Marubucin bai tambayi kwana nawa malami ya shiga aji ba, ko littattafan sun bar sito. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta ɗora wa kwamitocin iyaye da ke zaune a garuruwan alhakin rubuta wannan kowane mako, su aiko ta waya.