Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gyaran Layukan Wutar Lantarki

Ya ku 'yan'uwa injiniyoyi da masu hawa falwaya.

A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ɓarayi sun riga sun lalata babban layin 330kV da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana a gyara shi da wuri. Nauyi ya koma kan layin Ugwuaji zuwa Apir, da shi ma ya faɗi sai komai ya tsaya cak. Gina layi na biyu da tsare daji aikin hukuma ne. Amma ɗauke wutar da ke addabar mai walda da mai injin niƙa kullum, galibi a ƙananan layukan 33kV da 11kV take faruwa, waɗannan kuwa a hannunku suke.

Ku bi yanayin shekara, domin kowane lokaci da irin ɓarnarsa. Da hunturu ƙura kan lulluɓe tangaran ɗin da ke riƙe waya. Muddin a bushe take ba ta da illa, amma da raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, sai wuta ta bi ta kanta ta yi tartsatsi. A wanke tangaran, a sauya masu tsagu kafin ruwa ya sauka. Da bazara kowane gida na kunna fanka da firiji, zafi kuma na sa waya ta saki ta yi ƙasa. A nan ne ya kamata ku auna nauyin kowace taransifoma da daddare, ku raba shi daidai a kan wayoyi ukun. Iskar farkon damina kuwa rassan da ba a sare ba da falwayar da gindinta ya ci take nema.

Babban roƙona shi ne ku daina ɗaura waya mai kauri a gurbin fis. An yi fis ne ya ƙone domin taransifoma ta tsira. Wanda ya hana shi ƙonewa ya samar wa unguwa wutar kwana biyu, ya jawo mata duhun watanni da karo-karon kuɗi.

Sababbin na'urori suna da amfani ƙwarai. Yawancin matsalolin layin sama masu wucewa ne, kamar reshe ya taɓa waya ko tsawa ta faɗo. Makunni mai mayar da kansa yakan yanke wuta, ya jira 'yan daƙiƙoƙi, ya mayar, ba sai an tura mota ba. Kyamarar auna zafi tana nuna mahaɗar da ta fara ɗumi tun ba ta narke ba. Jirgi maras matuƙi yana duba turakun da ke daji mai haɗari. Tsarin SCADA kuma yana nuna wa ɗakin kula inda layi ya katse nan take.

Sai dai na'ura nuni kawai take yi. Ku riƙa rubuta kowace katsewa a littafi: wane layi, wace falwaya, ƙarfe nawa, mene ne sanadi. Da wannan littafi za ku gane layin da ke yawan faɗuwa, da shi kuma za ku nemi kayan aiki wurin manyanku da hujja.

Kada kowa ya hau sama sai an kashe layi, an gwada, an haɗa shi da ƙasa, domin janareton wani gida na iya mayar da wuta cikin wayar da kuke riƙe da ita.

Allah Ya tsare ku, Ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.