Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kiwon Aladu Da Malaman Dabbobi Kan Zafi Da Ƙwan Macijin Ciki



Macijin ciki da masana ke kira Ascaris suum, wato doguwar farar tsutsa da ke zama a ƙaramin hanjin alade, macensa kan zuba ƙwai kimanin 200,000 a rana, amma ƙwan da ya fito cikin kashi ba ya kama dabba nan take, sai ɗan tsutsa ya ƙosa a cikinsa, kuma zafi da danshi da iska ne ke yanke tsawon wannan jira. A zafin digiri 25 zuwa 30 na Salshiyas, wanda shi ne yanayin damina a yawancin yankunan Kudancin Kaduna, Filato da Binuwai, ƙwan kan ƙosa cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, kamar daren hunturu a Jos, girman kan tsaya, sai dai ƙwan bai mutu ba, domin ɓawonsa mai kauri kan kare shi shekaru a ƙasa mai laima da inuwa.

A nan ne masu kiwo da yawa ke asara, domin sukan ba da maganin tsutsa su saki jiki, alhali maganin bai taɓa ƙwan da ya manne a bangon garke, ƙasan kwamin abinci da nonon uwa ba. Ɗan alade ya haɗiye shi, tsutsar ta ratsa hanta da huhu, ya yi ta tari yana ramewa, a ƙarshe mahauci ya tarar da fararen tabo kamar ɗigon madara a hantar.

Saboda haka kwashe kashi kullum, ko aƙalla kafin mako ya zagayo, ya fi muhimmanci da damina, kuma a wanke uwa da sabulu kafin a kai ta ɗakin haihuwa. Yawancin magungunan feshi ba sa huda ɓawon, amma tafasasshen ruwa da ranar bazara a kan busasshen daɓe suna kashe shi. Takin ma kada a kai shi gonar kayan lambu ɗanye, domin tsutsar tana kama mutum; a tara shi tsibi, a riƙa juyawa har gefensa ya shiga tsakiya, inda zafi ya haura digiri 55 na kwanaki.